Hancin Inna

Ranar da surukata ta baro ƙauyensu na bayan Mairuwa ta dawo wurinmu Kankara, gadonta bai samu shiga mota ba. Maigidana ne ya je ɗauko ta da a-kori-kura, a shekarar da kwana a ƙauyukan gefen daji ya gagara. Ya sa aka gaya mata ta zaɓi abin da ya fi muhimmanci, don mota ɗaya ce kuma ba za a koma ba. Ta zaɓa. Da suka iso na fita taryarsu, na ga buhunan sassaƙe, da damman saiwoyi, da kwando cike da gwangwanayen madara, da turmi, da tuluna an naɗe su da zannuwanta na zuwa biki. Ita kuma tana gaba kusa da direba, rungume da rariya. Na tambayi maigidan ina gado, ya ce gado yana nan lafiya inda aka bar shi.

Na riga na gyara mata ɗakin da ya fi kowanne shan iska a gidan, har da sabuwar ledar ƙasa da labule mai fure. Kafin sati ya zagayo ta naɗe ledar ta jingine, ta cire labulen, ta sa yara sun ɗaura igiyoyi daga bango zuwa bango. Tabarmi suka cika tsakar ɗakin, ganyaye suka hau kansu. Ita ta koma lungu guda da katifarta. Na ce, "Inna, ai ɗakin naki ne." Ta ce ta sani, shi ya sa ta ba wanda ya fi ta buƙata.

Aikinta yana da ƙa'ida, kuma ba ta bayani, sai dai mutum ya sa ido. Ganye ba ya ganin rana. A inuwa ake baza shi sama-sama, a riƙa juya shi da hannu safe da yamma har ya bushe da korensa. Wanda aka shanya a rana, in ji ta, harawa ce, a kai wa awaki. Sassaƙe da saiwa kuwa sai an wanke, an faskara su ƙanana, su ɗan sha hantsi sannan a shigo da su. In sun bushe ƙayau a daka, a tankaɗe, a zuba a gwangwani a toshe bakin da tsumma kafin a sa murfi. Wasu ba a dakawa, jiƙo ake yi da su: a zuba a tulu da ruwa da 'yar tsamiya su kwana, ko a nutsa su cikin kwalbar zuma a manta da su sai an tuna. Na shayi daban suke, na'a-na'a da ɗoɗɗoya da citta da kanumfari. Su kaɗai ne a ɗakin da mutum zai sha bai ɓata fuska ba.

Gwangwanayen nan kuwa duk iri ɗaya ne, ba alama, ba komai. Garin sabara kore, na zogale kore, na kuka kore, na filasko kore. Ni in na leƙa, abu ɗaya nake gani an raba shi gida-gida. Inna sai ta buɗe, ta kai hanci sau ɗaya, ta rufe ko ta ɗiba. Hancin nan nata ya dame ni ba kaɗan ba. Daga ɗakinta take sanin na rage daddawa a miya. Maigidan ya taɓa tsayawa wurin mai tsire ya ci abinsa a can ya goge baki ya shigo, ta ce wa bango ashe har yanzu ana sayar da nama a garin nan.

Watannin farko ba ta da bakin magana. Takan zauna a ƙofar ɗaki tana kallon zaure kamar mai jiran mota. Sai ran nan jikan Hajiyar maƙwabta ya kwana yana kuka da kumburin ciki, Inna ta ji ta katanga, ta aika da ƙulli. Yaro ya yi gyatsa ya yi barci. Daga nan mata suka gane hanyar gidanmu: mai tari, mai basir, mai jego, mai yaro yana haƙori. Dangi suka fara aiko mata da ɗanyen kaya ta hannun direbobin kasuwa, wannan daga Sheme, wancan daga Damari. Ta koma yin wanka da sassafe, tana ɗaura kallabinta mai kyau tun kafin a share tsakar gida. Na ji daɗin haka ƙwarai. Gonarta, da gidanta, da maƙwabtanta, da kabarin mijinta duk suna can inda ba a zuwa. Sallamar matan nan da safe ita kaɗai ta rage mata, kuma duk mun san haka.

A daminar da ta biyo baya ta yi wata mura mai nauyi. Ta yi wa kanta sirace, ta sha abin da ta sha, mura ta tafi. Hancin ne bai dawo ba, harshen ma ya bi shi rabi da rabi.

Ni na fara lura. Na bar tuwo a wuta na shiga sallah, ya kama har hayaƙi ya kai zaure, Inna tana zaune dab da murhu tana tsince zogale ba ta ce uffan ba. Na ɗauka haƙuri ta koya, na yi mamaki, don shekarunta sun wuce na koyon sabon abu. Bayan 'yan kwanaki kukar miyata ta ƙare, na roƙe ta ta sam mini. Ta shiga, ta buɗe gwangwani, ta kai hanci kamar kullum, ta ɗebo mini da hannunta. Na kaɗa, na kaɗa, miya ta ƙi yauƙi. Na ɗanɗana, bakina ya ɗaure. Sabara ce.

To, abin da uwar miji ta ba ki da hannunta ba ya komawa, kuma ba a zubar da shi tana kallo. Na ƙara mai, na ƙara yaji, na zuba wa kowa. Inna dai kunu take sha da yamma saboda haƙora, don haka ta tsira. Yara suka dube ni, na dube su, suka sunkuyar da kai. Maigidan ya kai loma, ya tsaya, na ce masa a hankali, "Inna ce ta ba ni kukar." Ya haɗiye. Ya cinye malmalarsa tas, ya sha ruwa, ya yi hamdala. Gidanmu ba wanda ya yi ciwon ciki har ƙarshen wannan damina.

Washegari na tare maigidan kafin ya fita. Na ce Inna ba ta jin ƙamshi, kuma mutane suna karɓar magani a hannunta suna ba jarirai. Ya ce shi ma ya lura. Na ce to sai ya gaya mata.

Ya dube ni kamar na ce ya je ya yi mata kitso. Shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in ya gaishe ta tabarma take amsa wa. In tana son ya gyara rufin ɗaki, sai ta jira yana kusa ta ce, "Mutanen gidan ga ba su ganin ruwa shina zuba?" Shi kuma ya je ya nemo mai gyara. Haka suke zaune shekara da shekaru lafiya lau, ba su taɓa faɗa ba, don ba su taɓa hira ba.

Ya ce, "Ke ce mace, ke ce kuke wuni tare."

Na ce, "Surukata ce fa. In dubi idonta in ce mata hancinki ya mutu? A gidanku haka ake yi?"

Ya ce a gidansu ba a cewa komai.

Akwai autarsu da ke aure a Sabuwa, wadda ita ko me ta ga dama tana faɗa wa Inna, har ta zauna mata a katifa ta ci goronta. Amma hanya ba ta biyuwa a lokacin, sai dai waya, kuma autar nan in ta ji magana da hantsi, kafin azahar an yi mata ta'aziyyar hancin uwarta a Damari. Daga can labari ya hau motar kasuwa ya iso unguwarmu. Ranar da matan nan suka ji, ranar za su daina zuwa, Inna ta koma kallon zaure. Muka bar auta da lafiyarta.

Dabarar da na yi ba a littafi na gano ta ba, rashin mafita ne. Na fara shiga ɗakin da sunan taya ta daka. Duk abin da ya zo ɗanye na san sunansa tun yana da kamanninsa, sai in bi shi da hanci daga tabarma zuwa turmi zuwa gwangwani. Tazargade ba ta da wuya, tana shiga kai kamar man zafi. Hano yana da ƙamshin ƙaro. Sabara ƙamshin busasshiyar ƙasa take yi, filasko kuma wani ɗan wari-wari mai tayar da zuciya. Na sha atishawa har maƙwabta suna yi mini sannu ta katanga.

In mace ta zo karɓar magani, sai in ɗauko tsintar wake ko wani aikin hannu in zauna a bakin ƙofa. Inna ta buɗe gwangwani, ni kuma in ja numfashi in ce, "Kai, Inna, wannan marken naki da ƙamshi yake!" In marken take nema, sai ta ɗiba. In ba shi ba ne, sai hannunta ya ɗan tsaya, ta ce wannan bai gama kwanciya ba, ta rufe ta ɗauko na kusa da shi. In sake yabo. Wata rana sai na yabi gwangwani uku kafin a dace. Na yabi maɗaci, na yabi bagaruwa, na yabi wani jiƙo da ko ƙuda ba ya sauka a bakin tulunsa. Matan unguwa suka yanke hukunci cewa ban da aiki sai neman fada wurin uwar miji. Wata har ta turo mini matar ɗanta, wai ta zo ta ga yadda ake biyayya.

Inna ba ta taɓa tanka mini ba, ba ta kuma taɓa korata ba. In na makara a madafa mace tana jira, sai ta ja ta da hira, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki, sai ta ji motsina sannan ta kai hannu ga gwangwani. Ban san iyakar abin da ta sani ba, ita ma ba ta san iyakar abin da na sani ba. Muka ci kaka a haka.

Sai aka yi rasuwa a danginmu can wata unguwa, na tafi gaisuwa da safe. Na bar wa yara saƙo duk wadda ta zo a ce ta dawo da yamma, yara kuwa suka tafi makaranta da saƙon a cikinsu. Na dawo gab da azahar, na ci karo da Hajiyar maƙwabta a zaure, Inna tana rako ta. Hajiya tana riƙe da ƙulli babba. 'Yarta ce ta zo wankan jego, jaririn ma bai daɗe da cin suna ba, aka zo karɓar mata garin sabara ta riƙa zubawa a kunu.

Na durƙusa na gaishe su. Baki ya saba, na ce, "Hajiya, mu ji ƙamshin abin arziki." Ta miƙo, na kai hanci. Filasko ne, kuma ba kaɗan ba. Filasko wanke ciki yake yi, ƙato ma in ya sha cokali guda yini yake yi a hanyar bayi. Mai jego ta sha wannan a kunu safe da yamma, ga jariri yana shan nononta, ban san inda abin zai tsaya ba. Na ji tsoro na gaske.

Yabo ba zai yi aiki a nan ba, an riga an ƙulla an bayar. Ga Hajiya, ga Inna tsaye tana kallon ƙullin a hannuna. Sai na dafe ƙirji na yi salati, na ce, "Inna, ki yafe ni. Jiya da kika shiga wanka na share ɗakin, na sauke gwangwanayen na goge, na mayar da su yadda na ga dama. Wannan daga gurbin sabara kika ɗauka, amma filasko na ajiye a wurin."

Sai Inna ta buɗe baki, kuma tun da na zo gidan ban taɓa jin muryarta ta kai haka ba.

"Wa ya aike ki? Mi ya kai hannunki ga kayana? Yaran zamani, komi sai kun taɓa! Da kin kashe ɗiyar mutane hwa, mi za ki ce?"

Ta yi mini tas, ba ta rage komai ba. Hajiya ta shiga ba da haƙuri, sannan ita ma ta ɗora nata, ta ce tsabta tana da kyau amma ta wuce wuri ɓarna ce. Na ce na gode. Muka koma ɗaki mu uku, na ɗauko gwangwanin sabara na miƙa wa Inna da hannu biyu, kaina a ƙasa. Ta buɗe, ta kai hanci yadda ta saba, ta ce wannan shi ne. Kafin la'asar unguwa ta ji cewa mai biyayyar nan ta kusa aika mai jego lahira da tsintsiya. Wadda ta turo mini matar ɗanta ta aiko a ce ta dawo gida.

Ban ce abin bai yi mini zafi ba. Na shiga madafa na yi kukana, na ɗora wa albasa laifi.

Bayan la'asar Inna ta kira ni. Na shiga na durƙusa a bakin tabarma. Ta nuna lungun bayan ƙofa da haɓa.

"Ga ganyen da na zubar shekaranjiya can inda na bar shi. Wace irin shara ce taki?"

Na sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Tun murar damina, Inna."

"Wa da wa ya sani?"

Na ce ni da shi. Ta kawar da kai wajen bango, ta daɗe a haka. Ina jin duk abin da ya faru ranar, wannan ne ya fi yi mata ciwo, a ce wancan ɗin da ba ta kiran sunansa ya san ta gaza. Can ta ce gobe a kira yara su kwashe kayan nan duka a kai bola, kada ta ɗauki alhakin rai a ƙarshen kwananta.

Na ce, "A'a."

Ni kaina na ji kalmar kamar wata ce ta faɗe ta. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ce mata a'a ba, ko a kan gishiri. Na ce hanci kawai ta rasa. Ni sunan abu na iya ji, amma ban san na wane ne ba, ban san ko nawa ake ba mai ciki ba, ban san abin da ba a haɗawa da kanwa ba. In ta zubar, ni ba abin da zan yi da hancina sai jin ƙaurin tuwo.

Ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba mu saba ba. Ta ce, "To ki bar yabon nan. Ya ishe ni. Maɗaci ba shi da ƙamshi, kowa ya sani. Ki hwaɗi suna kawai, a hankali."

Ta jawo kwandon gabanta, ta fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana miƙo mini. Na ce zogale, ta ajiye dama. Na ce kalgo, ta ajiye hagu. Wanda na yi shakka, ta sa na kai waje na zubar ba tare da ta tambayi dalili ba. Filasko ta ɗaure masa jan tsumma a wuya ta sa na rataye shi can sama inda sai an taka turmi. Muka yi ta yi har rana ta sauka daga kan katanga, kwando ya zama fanko.

Na yunƙura zan tashi in ɗora sanwa, ta ce in dakata. Ta jawo akwatinta na ƙarfe, ta ɗaga zannuwa, ta ciro wani ɗan ƙulli a farin ƙyalle wanda ban taɓa gani ba. Ta kwance shi a tafin hannunta. Wasu 'yan busassun furanni ne ƙanana, sun koma ruwan ƙasa.

Ta ce ba magani ba ne. Furen lalle ne, na bishiyar da ke bayan ɗakinta a ƙauye. Da asubar ranar da mota ta zo ta tsinko shi. In ya yi fure, in ji ta, har masu wucewa ta bayan danga sai sun tsaya. Da can takan buɗe ta shaƙa in gari ya yi mata faɗi.

Ta miƙo mini. "Shina nan?"

Na karɓa na kai hanci. Na ja numfashi, na sake ja. Ƙamshin akwati ne kawai, da na tsohon ƙyalle. Bakina ya riga ya buɗe zai yi abin da ya saba, ta ɗaga yatsa.

"Kada ki yabe shi."

Na ce, "Ya tafi, Inna. Ba ya ƙamshin komai."

Ta gyaɗa kai. Ta karɓa ta tattara furannin a tsakiyar ƙyallen, har da ɗan wanda ya faɗi a kan zanenta ta tsince shi ta haɗa. Ta ƙulle da kyau, ƙulli biyu, ta mayar ƙasan akwati ta jera zannuwa a kai. Sannan ta ce in je in ɗora tukunya, yara sun kusa dawowa daga islamiyya.